Yadda ake bibiyar guguwar teku fiye da ɗaya a lokaci guda

A ranar 14 ga Satumba, 2020, duk wanda ya buɗe taswirar tekun Atlantika ya tarar da guguwa biyar suna juyi a lokaci guda: Paulette, Rene, Sally, Teddy da Vicky. Da wuya ake ganin irin haka. Tashoshin talabijin suka cika fuskokinsu da jajayen da'irori, kowa na tura wa ɗan'uwansa hoto a waya, da yawa suka rasa wadda za su sa wa ido. Alhali ga mazaunin Bamuda guguwa ɗaya ce tak a duniya ran nan, wato Paulette, wadda idonta, wato tsakiyarta mai tsit, ya ratsa ta kan tsibirin da asuba. Ga mazaunin gaɓar jihar Alabama ta Amurka kuwa Sally ce. Rene tana gab da mutuwa, Vicky ba ta yi wani ƙarfin kirki ba, Teddy kuma, wadda daga baya ta fi su duka ƙarfi, tana can tsakiyar teku nesa da kowa.

Aikin mai bibiya ke nan idan lokaci ya yi zafi. Ba sai ka san komai game da kowace guguwa ba. Abin da ake so shi ne ka gane wadda za ta iya taɓa ka, ko ta taɓa naka, da lokacin da za ta fara, sauran kuma ka riƙa leƙa su daidai gwargwado. Ga yadda ake yi.

Da farko, ka san cibiyar da ke da alhakin tekun da ya dame ka

An raba tekunan duniya tsakanin cibiyoyi, kowace da yankinta. Arewacin Atlantika, wanda ya haɗa da yankin Karibiyan da mashigin tekun Meziko, da kuma gabashin Pasifik, suna hannun cibiyar NHC da ke Miyami, ƙarƙashin hukumar NOAA ta Amurka. Tsakiyar Pasifik yana hannun cibiyar Honolulu. Yammacin Pasifik na hukumar yanayi ta Japan ne a Tokyo, arewacin tekun Indiya na hukumar Indiya a New Delhi, kudu maso yammacin tekun Indiya kuma, inda Madagaska da Mozambik suke, na ofishin hukumar yanayi ta Faransa ne da ke tsibirin Reunion.

Ka riƙe cibiya ɗaya don sanin hanyar guguwa da ƙarfinta, ka haɗa da hukumar yanayi da ta agajin gaggawa ta ƙasar da abin zai shafa, domin su ne ke ba da umarnin kwashe mutane. Dalilin riƙe ɗaya ba son kai ba ne. Ma'aunin ya bambanta: Amurka na auna matsakaicin gudun iska na minti 1, Indiya na minti 3, Japan na minti 10. Guguwa ɗaya za ta iya fitowa da lamba biyu, ka zaci ta ƙaru ko ta ragu, alhali ma'auni ne ya canja. Haka ma suna: Filifin na sa wa guguwa nata sunan daban, shi ya sa Haiyan ta 2013 a can Yolanda suke ce mata. Wanda bai sani ba sai ya ƙirga ta sau biyu.

Misalan da ke tafe yawancinsu na Atlantika ne. Lokacinsa yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba, ƙololuwarsa kuma wajen 10 ga Satumba. A shekara mai matsakaicin hali akan samu guguwa 14 masu suna, 7 daga ciki su zama mahaukata, wato iskarsu ta kai kilomita 119 a awa, 3 su zama manya, masu iskar kilomita 178 a awa ko fiye. Shekarar 2020 ta ba da 30.

Na biyu, ka haddace lokutan fitar sanarwa

Wannan shi ne maganin rabin wahalar. Cibiyar Miyami na fitar da cikakkiyar sanarwa kan kowace guguwa sau huɗu a rana: ƙarfe 3 na dare, 9 na safe, 3 na rana da 9 na dare agogon GMT. Idan akwai gaɓar da aka yi wa gargaɗi, sai a ƙara gajeruwar sanarwa a tsakani, ya zama duk bayan awa uku. Gajeruwar tana gaya maka inda guguwar take da ƙarfinta, amma ba ta sauya hasashen hanya. Sabuwar hanya sai a cikakkiya.

Ban da wannan akwai taswirar hangen gaba, mai nuna wuraren da guguwa za ta iya ƙulluwa. Ita ma sau huɗu take fitowa, wajen ƙarfe 12 na dare, 6 na safe, 12 na rana da 6 na yamma agogon GMT. Ka mayar da waɗannan lokuta zuwa agogon wurinka sau ɗaya, ka rubuta, ka saita ƙararrawa a waya. Tsakanin sanarwa da sanarwa, galibin abin da ke yawo a intanet maimaici ne ko hasashen wani. Wanda ya kwana yana jan allon waya bai fi wanda ya duba sau huɗu sanin komai ba, ya dai fi shi gajiya.

Na uku, ka zana jadawali a takarda

Takarda nake nufi, da biro. Waya na iya mutuwa, kuma hannu yana tilasta wa ido ya lura. Kowace guguwa layinta, kowace sanarwa kuma sabon shigarwa, kada ka goge na baya. Abubuwan da za ka rubuta su ne suna ko lamba, lokacin sanarwar, inda cibiyarta take, inda ta dosa da saurin tafiyarta, ƙarfin iskarta, matsin iskar tsakiyarta, da nisan da iska mai ƙarfi ta kai daga tsakiyar. Duk waɗannan suna cikin kowace sanarwa, ba sai ka yi tono ba.

Gudu iri biyu ne a nan, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai gudun iskar da ke juyawa a cikin guguwar, wanda kan kai kilomita 200 a awa ko fiye. Akwai kuma saurin tafiyar guguwar kanta a kan teku, wanda sau da yawa bai wuce kilomita 15 zuwa 30 a awa ba. Na farkon yana gaya maka ɓarnar iska, na biyun yana gaya maka yaushe, da kuma tsawon lokacin da za ta zauna a kanka.

Ka zaɓi ma'auni ɗaya ka tsaya a kai. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, ma'aunin matuƙa jirgin ruwa da ake rubuta shi kt kuma kilomita 1.85 ne a awa. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa a taswira kusan kilomita 111 ne, wannan zai taimake ka ƙiyasta nisa da ido. Matsin iska da miliba ake auna shi. A rana lafiyayya a bakin teku yana wajen 1013, kuma duk yadda ya yi ƙasa haka guguwar ke ƙara ƙarfi. Wilma ta 2005 ta sauka har 882, mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa a Atlantika. Amfanin rubuta shi shi ne sau da yawa yakan fara faɗuwa kafin iska ta nuna ƙaruwa. Idan ka ga 990, sai 982, sai 971 a sanarwa uku a jere, ka san wani abu na dahuwa ko da ajin guguwar, wato matakin ƙarfin iskarta daga 1 zuwa 5, bai motsa ba.

Game da sunaye, ga abin da ya kamata ka sani. Tarin gajimare da ake zargi ana ba shi lambar bincike daga 90 zuwa 99 da harafin L a Atlantika, E a gabashin Pasifik, kamar 92L. Lambar ba ta nufin zai zama guguwa, tana nufin an sa masa ido ne kawai. Idan ya ƙulla da'ira amma iskarsa ba ta kai kilomita 63 a awa ba, sai a ba shi lamba ta dindindin. Daga 63 zuwa 118 ne ake raɗa suna. Daga 119 ta zama mahaukaciyar guguwa. Abu ɗaya zai iya sauya suna sau uku cikin kwana biyu, don haka ka bar shi a layi ɗaya, ka rubuta sabon sunan kusa da tsohon.

Na huɗu, ka jera su bisa wadda ta fi kusa da taɓa ka

Nan ne ainihin aikin. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Ka kasa su gida uku.

Gida na farko na wadda aka riga aka fitar wa wurinka sanarwar ankararwa (za ta iya zuwa) ko gargaɗi (ana sa ran zuwanta) ne, ko wadda hasashen kwana uku ya nuna za ta iya zuwa kusa. Wannan kowace sanarwa tata sai ka karanta, har da gajerun. Gida na biyu na wadda ke iya zuwa cikin kwana huɗu zuwa bakwai ne, da duk wani tarin gajimare da ke kusa da ƙasa. Waɗannan safe da yamma sun isa. Gida na uku na sauran ne, waɗanda suka juya arewa suka nufi sararin teku ko suke can dubban kilomita. Leƙe ɗaya a rana.

A taswirar hangen gaba launi uku ne. Ɗorawa na nufin yiwuwar ƙulluwa ba ta kai kashi 40 cikin ɗari ba, ruwan lemo 40 zuwa 60, ja kuma sama da 60. Akwai lissafin awa 48, akwai na kwana bakwai. Sai dai launin yana magana ne kan ko guguwa za ta samu, ba kan haɗarinta gare ka ba. Jan tambari kusa da tsibiran Kef Bade, inda tarin hadarin da ke fitowa daga yammacin Afirka ke faɗawa teku, yana buƙatar mako ɗaya ko fiye kafin ya ƙetare Atlantika, in ma ya ƙetare. Tambari ɗorawa a mashigin Meziko ko yammacin Karibiyan kuwa zai iya zama guguwa a ƙofar gida cikin kwana biyu ko uku, don ruwan can yana da ɗumi kuma ƙasa na kusa ta ko'ina. A ganina wannan ne kuskuren da ya fi yawa: ido ya tafi kan babbar da ke nesa mai kyawun hoto, ƙaramar da ke kusa ta shammaci mutum.

Sai ka yi ɗan lissafi ga kowace ta gida na farko. A ce guguwa tana nisan kilomita 900, tana tafiya kilomita 20 a awa ta nufo ka. Rabawa kai tsaye zai ba ka awa 45. Amma wannan lokacin isowar cibiyarta ne. Idan sanarwa ta ce iska mai ƙarfi ta kai kilomita 250 daga tsakiya, to 650 za ka raba da 20, ka samu awa 32 da rabi. Daga wannan lokacin ba a hawa tsani, ba a ɗaukar kwano ko katako a waje, gadoji ma akan rufe su. Cibiyar Miyami na fitar da taswira ta musamman mai nuna lokacin da irin wannan iska za ta iya fara isa kowane wuri. Akwai mai nuna lokaci mafi yiwuwa, akwai mai nuna lokaci mafi wuri. Da ta biyun ake shiri.

Na biyar, ka iya karanta mazurarin hasashe

Hoton da kowa ya sani shi ne farin zanen nan mai siffar mazurari, siriri daga inda guguwar take, yana buɗewa gaba. Mutane da yawa sun ɗauka girman guguwar yake nunawa, ko iyakar inda ɓarna za ta tsaya. Ko ɗaya. Yana nuna inda cibiyar guguwar za ta iya bi ne kawai. An auna faɗinsa daga kurakuran hasashen shekaru biyar da suka wuce, ta yadda cibiyar za ta zauna a ciki sau biyu cikin uku. Ma'ana, sau ɗaya cikin uku takan fita. A 'yan shekarun nan faɗinsa daga layin tsakiya zuwa gefe bai wuce kilomita 75 ba a hasashen kwana ɗaya, amma a kwana na biyar ya haura 350.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne faɗin nan ɗaya ne ga duk guguwar shekarar. Wadda masana suka tabbatar da hanyarta da wadda ta rikita su, mazurarinsu girma ɗaya. Don haka idan kana kwatanta guguwa uku, hoton ba zai gaya maka wadda aka fi shakka a kanta ba. Wannan sai a rubutaccen bayanin da mai hasashen ke haɗawa da kowace cikakkiyar sanarwa, inda yake faɗin dalilansa. Da Turanci yake, akwai kalmomin sana'a a ciki, amma ya cancanci wahalar. A nan ne za ka ga ya ce kwamfutoci sun rabu biyu, ko ya ce ƙarfin da ya rubuta zai iya zama ƙasa da abin da zai faru. A ƙarshensa akwai muhimman saƙonni a taƙaice ga wanda ba shi da lokaci.

Ɗigon da ke kan layin suna ɗauke da haruffa: D ga mai rauni, S ga guguwa mai suna, H ga mahaukaciya, M ga babba daga aji na 3 zuwa sama. Launukan bakin gaɓa kuma su ne sanarwa: ja gargaɗin mahaukaciyar guguwa, ruwan hoda ankararwarta, shuɗi gargaɗin guguwa mai suna, ɗorawa ankararwarta. Ankararwa kan fito awa 48 kafin iska mai ƙarfi ta fara, gargaɗi awa 36.

Kada ka ɗora ranka kan layin tsakiya. A watan Agusta na 2004 hankalin kowa na kan Tampa a Fulorida saboda layin Charley ya bi ta can, sai ta ɗan karkata dama ta afka wa Punta Gorda da ke kudu. Garin yana cikin mazurarin, yana kuma ƙarƙashin gargaɗi, amma mutane layin suka kalla. Abin da ya fi layin amfani shi ne yadda yake matsawa. Ka rubuta a jadawalinka inda kowace sanarwa ta ce za a sauka. Sally ta fara da nufar Lusiyana da Misisifi, sanarwa bayan sanarwa tana matsawa gabas, har ta sauka a Gulf Shores ta Alabama ranar 16 ga Satumba. Mai jadawali ya ga wannan matsi tun da wuri. Mai kallon hoto ɗaya bai gani ba.

Na shida, kada aji ya ruɗe ka

Aji biyar ne: na 1 daga kilomita 119 a awa, na 2 daga 154, na 3 daga 178, na 4 daga 209, na 5 daga 252. Iska kaɗai wannan ma'auni yake aunawa, ita ma a ɗan ƙaramin wuri kusa da ido. Bai ce komai ba kan ruwan sama, ko tumbatsar teku, ko faɗin guguwar, alhali ruwa ne ya fi iska kisa nesa ba kusa ba.

Ike ta 2008 aji na 2 ce lokacin da ta sauka a Galveston ta jihar Tekzas, amma faɗinta ya sa ta turo teku cikin gari. Katrina ta ragu zuwa aji na 3 kafin ta sauka a 2005, duk da haka tumbatsar ta kai kusan mita 8 a gaɓar Misisifi. Florence ta 2018 ta sauko zuwa aji na 1, wasu suka saki jiki, sai ta yi ta jan ƙafa a kan Karolaina ta Arewa tana zubar da ruwa kwana da kwanaki. Harvey ta zubar da sama da milimita 1,500 a wani yanki na Tekzas a 2017. Helene ta 2024 a Fulorida ta sauka, amma ambaliyarta mafi muni ta faru ne a tsaunukan yammacin Karolaina ta Arewa, ɗaruruwan kilomita daga teku.

Saboda haka ka ƙara tambaya uku ga kowace guguwa ta gida na farko. Faɗinta nawa? Tana rage tafiya? Ta wane gefenta wurinka zai faɗa? A arewacin duniya guguwa na juyawa saɓanin hannun agogo, don haka gefen damanta, idan ka fuskanci inda ta dosa, shi ya fi iska kuma shi ke turo ruwa kan gaɓa. A kudancin duniya gefen hagu ne. Guguwar da ke can nesa ma tana aiko da manyan igiyoyi masu janye mai wanka zuwa cikin teku, ko da rana na haske a bakin ruwa. Ga masunci da mai iyo, 'yar gida na uku ba ta zama mara haɗari ba.

Sannan akwai ƙaruwar farat ɗaya, wato iska ta ƙaru da kilomita 55 a awa ko fiye cikin awa 24. Hasashen hanya ya inganta sosai, na ƙarfi kuwa har yanzu yana ba da wuya. Otis ta tashi daga guguwa mai suna zuwa aji na 5 cikin kusan kwana ɗaya kafin ta afka wa Akafulko a Meziko ranar 25 ga Oktoba, 2023. Idan bayanin masana ya ambaci ruwa mai zafi sosai, da iskar sama mai kwanciya, da danshi, ka shirya wa aji ɗaya sama da wanda aka rubuta. Guguwa na buƙatar ruwan da ya kai digiri 26 da rabi. Abin da ke karya ta shi ne saɓanin iska tsakanin sama da ƙasa, da busasshiyar iska mai ƙura daga Sahara, da ruwan sanyi, da tsaunuka.

Na bakwai, layukan taliya

Haka ake kiran hoton da ke ɗauke da layuka barkatai, kowane daga wata kwamfutar hasashe. Fitattun su ne GFS ta Amurka da ECMWF ta Turai, sai ta Birtaniya, da HAFS da aka ƙera musamman don guguwa. Akan sake tafiyar da kowace sau da dama da ɗan canji a farkon lissafin don a ga yadda sakamako zai bazu. Idan layukan sun dunƙule, akwai tabbaci. Idan sun watse, babu. Iyakar abin da mai bibiya zai ɗauka ke nan. Kada ka zaɓi layin da ya bi ta garinku ka tsorata, ko wanda ya kauce ka yi barci. Hasashen cibiyar Miyami ya riga ya auna su duka, kuma a jimlace yakan fi kowace ɗaya daidai.

Hoton kwamfuta mai nuna dodon guguwa a kan wani birni nan da kwana 12 ko 15 kuwa, ka wuce shi. Awa shida bayan haka kwamfutar za ta iya ɗauke shi gaba ɗaya. Ka kuma duba kwanan wata a kan duk hoton da aka turo maka. Jerin sunaye shida ne ake juyawa, kowane na dawowa bayan shekara shida, sai sunan da aka cire saboda ɓarnarsa. An cire Laura bayan 2020, amma Sally da Paulette suna cikin jerin 2026. Tsohon hoto mai suna iri ɗaya yakan farfaɗo ya tada hankalin jama'a a banza.

Na takwas, ka lura da yadda suke shafar juna

Guguwa biyu idan suka kusanci juna, kamar tazarar kilomita 1,400 ko ƙasa, sukan fara kewaya juna, wani lokaci babbar ta haɗiye ƙaramar. Masanin Japan Sakuhei Fujiwhara ne ya bayyana wannan a 1921. Hilary da Irwin sun yi haka a gabashin Pasifik a 2017. Babba kan kuma hura iskar samanta ta yayyaga ƙaramar da ke kusa. Wadda ta wuce gaba takan tono ruwan sanyi daga ƙasan teku, ta bar wa mai bin sawunta hanya mara ɗumi. Takan kuma buɗe ɓaraka a babban matsin iskar da ke zaune wajen Bamuda, wanda shi ke tuƙa yawancin guguwar Atlantika, sai ta baya ta bi ta ɓarakar ta juya arewa.

Abin yi a aikace: idan guguwa biyu a jadawalinka suka matso kusa, ka rage yarda da hasashen kwana huɗu da biyar na kowace, ka karanta bayanin dukansu biyun. A watan Agusta na 2020 Marco da Laura suka nufi Lusiyana kusan tare. Marco ce a gaba, saɓanin iska ya kassara ta a bakin gaɓa. Laura da ke baya ta sauka kusa da Cameron ranar 27 ga wata tana aji na 4. Duk wanda ya ga mutuwar ta farkon ya kwance shirinsa ya yi asara.

Na tara, kada ka yi saurin soke layi

Harvey ta wargaje a Karibiyan ranar 19 ga Agusta, 2017, aka daina fitar da sanarwa a kanta. Ragowarta ta ƙetare yankin Yukatan na Meziko, ta sake ƙulluwa ranar 23, ta isa Tekzas tana aji na 4 bayan kwana biyu. Idan an rufe sanarwar guguwa, ka mayar da layinta gida na biyu, ka ci gaba da neman ragowarta a taswirar hangen gaba har ta ɓace daga can.

Na goma, ka san lokacin ajiye biro

Tun kafin lokacin ya fara ka rubuta a ƙasan jadawalin abin da za ka yi a kowane hali. Wurinka ya shiga mazurarin kwana biyar: duba ruwan sha, magunguna, batura, mai, takardu masu muhimmanci a leda, ka kuma tabbatar ko gidan yana yankin da ake kwashewa. An fitar da ankararwa: kammala sayayya, ɗaure ko shigar da duk abin da iska za ta ɗauka, sanar da dangi inda za ka. An fitar da gargaɗi: gama komai kafin lokacin da taswirar isowar iska ta nuna. Hukuma ta ce a tashi: a tashi, ba tare da jiran sanarwa ta gaba ko za ta sauya ba. Idan don wani naka da ke can kake bibiyar, saƙo ɗaya gajere bayan kowace cikakkiyar sanarwa ya fi hotuna ashirin: sunan guguwar, lokacin fara iska, abin da hukumarsu ta ce. Batirinsa zai buƙace shi.

Da iska ta fara, intanet da wuta na iya ɗaukewa, rediyo mai batir ne zai rage. Idan komai ya yi tsit kwatsam, mai yiwuwa ido ne ke wucewa, iskar za ta dawo daga ɗaya gefen da ƙarfinta, kada a fita. Janareta a waje yake zama, nesa da taga, don hayaƙinsa ya sha kashe waɗanda guguwar ta bari.

Da zarar ka samu hanyar sadarwa, ka sake jera jadawalin daga farko, domin 'yan gida na biyu sun yi tafiyar kwana biyu ba ka kallo. Delta ta sauka a Lusiyana ranar 9 ga Oktoba, 2020, 'yan kilomita daga inda Laura ta sauka mako shida kafin nan. Eta da Iota sun afka wa gaɓa ɗaya a Nikaraguwa cikin Nuwamban shekarar, mako biyu tsakani. A karo na biyu ƙasa ta riga ta sha ruwa, rufin gidaje tamfol ne, tarkace na jibge a bakin hanya yana jiran iska ta ɗauka. Don haka ga wurin da aka riga aka daka, duk guguwar da ta shigo hasashen kwana biyar ka sa ta gida na farko kai tsaye, ko da ba ta wuce harafin S ba.